Lambun Cikin Gida da Ƙwarin da Ke Barbarar Fure a Birane

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1824 ne Baturen nan Kyaftin Clapperton ya shiga birnin Kano. Cikin abubuwan da ya rubuta game da birnin har da cewa gidaje ba su cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ganuwa ta kewaye ba, sauran kuwa gonaki ne da lambuna. Wannan ba Kano kaɗai ba ce. Tsarin biranen Hausa na dauri, kamar Zariya da Katsina, ya tanadi fili a cikin ganuwa domin a yi noma ko da abokan gaba sun yi wa gari ƙawanya. Gidan Bahaushe shi ma yana da nasa rabon: zogale a bayan ɗaki, lalle a gefen makewayi, gwanda ko lemun tsami a inda ruwan wanke-wanke ke kwarara, sannan kabewa da soso su haye danga.

A yau kuwa an yanka waɗannan filaye an yi fuloti, an cike kududdufai da dama an yi gini a kansu, tsakar gida kuma an daɓe ta da siminti ko tayil daga zaure har ƙofar ɗaki. Asarar inuwa da ganyen miya kowa yana ganinta. Wadda ba a cika lura da ita ba ita ce ta ƙananan halittun da suka dogara da waɗannan tsirrai, waɗanda su ma tsirran suka dogara da su. Wannan babi zai yi bayani ne a kan waɗannan halittu, da aikin da suke yi, da yadda ɗan filin da ya rage a gida ko a makaranta zai iya riƙe su.

2.0 Ma'anar Barbarar Fure

Kalmar barbara a asali ta dabbobi da tsuntsaye ce, amma malaman gona sun faɗaɗa ma'anarta ta ƙunshi tsirrai. Barbarar fure na nufin ɗaukar ɗan lallausan garin da sashen namiji na fure ke fitarwa, a kai shi kan sashen mace, domin tsiro ya ƙulla 'ya'ya da iri. Manomin Hausa ya daɗe da sanin wannan gari, domin yana ganin bununi a kan zangarniyar gero, kuma ya san idan ruwa mai ƙarfi ya wanke shi geron ba zai yi ido sosai ba. Haka nan ya san namijin dabino da namijin gwanda, waɗanda ke yin fure amma ba sa haihuwa.

Ba kowane tsiro ne ke buƙatar ɗan aike ba. Gero da masara iska ce ke yi musu wannan aiki. Kowane silin gemun masara yana kaiwa ne ga ƙwaya guda, saboda haka idan gari bai sauka a kan wani sili ba, sai a ga giɓi a jikin goyon. Wannan ne dalilin da ya sa masarar da aka shuka layi ɗaya tal a gindin katanga takan fito da giɓi, alhali da an tattara ta wuri guda cikin gajerun layuka uku ko huɗu da ta cika. Gyaɗa da wake da shinkafa kuwa galibi furensu shi ke barbarar kansa.

Inda magana take shi ne tsirrai irin su kabewa da kankana da guna da duma da soso. Kabewa tana fitar da fure iri biyu a jikin yaɗo ɗaya. Namijin yana tsaye ne a kan siririn sanda, macen kuwa ana gane ta da ɗan ƙullutun da ke ƙarƙashinta, wanda shi ne zai zama kabewar. Furen yana buɗewa da asuba, kafin rana ta take ya rufe, kuma ba ya sake buɗewa. Garinsa yana da nauyi da danƙo, iska ba ta ɗaukar sa. Ke nan cikin waɗannan 'yan sa'o'i dole ƙudan zuma ya shiga namijin ya fito, ya shiga macen, kuma ba sau ɗaya ba. Idan hakan bai samu ba, ƙullutun zai yi rawaya ya yanƙwane ya faɗi. Sau da yawa uwargida takan ɗora laifin a kan ƙasa ko iri, wani lokaci ma a ce baki ne ya kama shukar, alhali kuwa baƙon da ake jira ne bai zo ba.

Wani rahoto da kwamitin masana na ƙasashen duniya kan halittu da muhalli ya fitar a 2016 ya nuna cewa kimanin kashi 75 cikin 100 na nau'o'in amfanin gona da ake ci suna amfana da barbarar ƙwari da sauran dabbobi, ko da ƙanƙani ne, haka kuma kusan kashi 90 cikin 100 na tsirran daji masu fure. Ya kamata a fahimci wannan adadi da kyau. Ba yana nufin tuwo zai ƙare idan ƙwari suka ƙare ba, tunda hatsi bai dogara da su ba. Abin da zai yi ƙaranci shi ne kayan miya da kayan marmari, wato abincin da ke gina jiki da kare shi daga cuta.

3.0 Masu Aikin Barbara

Da an ambaci wannan aiki, ƙudan zuma ne ke fara zuwa a zuciya, kuma ya cancanci haka. Sai dai masana sun ƙidaya nau'o'in dangin ƙudan zuma sama da 20,000 a duniya, kuma mafi yawansu ba sa yin zuma, ba su da amya, ba sa zaman taro. Macen ita kaɗai take haƙa ɗan rami a ƙasa ko a jikin katangar laka, ko ta shiga cikin kara, ta tara garin fure, ta yi ƙwai a kai, ta toshe. Akwai kuma galla, wadda ba ta harbi, mai yin 'yar zumarta a kogon itace ko tsagin bango. Akwai babban ƙwaron nan baƙi mai ƙugi, wanda ke huda busasshen itace ya zauna a ciki, wanda ake yawan gani a kan furen zogale da tumfafiya. Irinsa suna da wata baiwa da ƙudan zuma ba shi da ita: furen tumatir da gauta da yalo yana ɓoye garinsa ne a cikin 'yan bututu, sai ƙwaro ya kama furen ya karkaɗa jikinsa da ƙarfi sannan garin ya zubo.

Furen mangwaro kuwa ƙudaje iri-iri suna cikin manyan masu yi masa hidima. Gwanda da duma suna jiran dare ne, lokacin da dangin malam-buɗe-littafi masu yawon dare ke fitowa, shi ya sa furensu ya kasance fari ko mai haske, domin a hango shi cikin duhu. Wannan ya nuna kuskuren da ake yi na sare duk namijin gwanda da zarar an gane shi. Idan gwandojin unguwa mata ne zalla, to, sai an bar namiji ko da ɗaya ne a kusa kafin su riƙe 'ya'ya.

Mafi ban mamaki shi ne jemage. Kuka tana buɗe manyan fararen furanninta da magariba, suna reto a ƙasan reshe, jemagu masu cin 'ya'yan itace su zo su sha ruwan zaƙinsu, su kwashi gari a gashinsu zuwa wata bishiyar. Haka abin yake ga tutun ɗorawa da furen rimi. Ke nan kalwar da ake daddawa da ita ta bi ta hannun halittar da yara ke jifa da gwafa. Ɓaure kuma nasa furen a cikin ɗan yake, kuma wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne ke kutsawa ta ƙofar da ke ƙasan ɗan ya yi barbarar. 'Yan ƙwarin da ake tararwa idan an ɓare ɓaure su ne waɗannan ma'aikata, ba alamar lalacewa ba ce.

A nan akwai abin lura ta fuskar harshe. Kalmar ƙwaro a Hausa takan zo da ma'anar abin ƙi, har akan ce maganin ƙwari ba tare da an bambance mai ɓarna da mai amfani ba. Amma idan aka duba sunayen ɗaiɗaikunsu za a ga Bahaushe ya zura musu ido sosai. Malam-buɗe-littafi harɗaɗɗen suna ne da aka gina a kan yadda fikafikansa ke buɗewa da rufewa, sha-kauci kuma, wato ɗan tsuntsun nan mai dogon baki, an raɗa masa suna ne daga furen da yake tsotsa. Sunaye irin waɗannan ba sa daɗewa a bakin yaran da ba su taɓa ganin masu sunan ba.

4.0 Raguwarsu da Matsayin Birni

A 2017 an wallafa sakamakon wani dogon bincike a Jamus, wanda ya nuna cewa yawan ƙwari masu tashi, idan aka auna nauyinsu, ya ragu da fiye da kashi 75 cikin 100 a cikin shekara 27, kuma a wuraren da aka keɓe domin kare halittu. A 2018 Tarayyar Turai ta hana amfani da wasu magungunan ƙwari guda 3 a fili saboda illarsu ga ƙudan zuma. A ƙasar Hausa dalilan raguwar a bayyane suke: sare itatuwa domin itacen girki da gawayi, da ƙona daji, da feshin magani barkatai, da kuma tsohuwar hanyar cire zuma da wuta wadda kan hallaka ƙudan tare da 'ya'yansu.

Mai karatu na iya tambaya, me ɗan lambun da bai wuce faɗin tabarma biyu ba zai tsinana? Wani bincike da aka wallafa a 2019 kan birane 4 na Birtaniya ya gano cewa lambunan gidaje da ƙananan filayen da jama'a ke noman kayan miya sun fi wuraren shaƙatawa na hukuma tara masu barbarar fure. Dalili shi ne kowane gida da abin da ya shuka, sai furanni su yi yawa kuma su bambanta. Ƙudan zuma yana iya tafiyar kilomita 2 ko 3 neman abinci, amma ƙananan danginsa ba sa wuce 'yan mitoci ɗari kaɗan daga raminsu. Saboda haka abin da suke buƙata shi ne zango kusa da zango. Wannan tunani ne ya sa birnin Oslo na Norwe ya fara jera tukwanen fure a kan rufin gidaje da baranda a 2015, birnin Utrecht na Holan kuma ya shuka tsirrai a kan rufin rumfunan jiran bas sama da 300 a 2019. Biranen Hausa ba sa buƙatar kwaikwayon waɗannan dabaru ƙwabo da ƙwabo, domin tsakar gida ta riga ta ba su abin da waɗancan ke nema a kan rufi.

5.0 Yadda Ake Kafa Lambun

Abu na farko shi ne rana. Yawancin kayan miya suna son hasken rana na kimanin sa'a 6, amma a watannin Maris da Afrilu inuwar yamma rahama ce gare su, musamman waɗanda ke cikin mazubi. Inda aka daɓe ƙasa, buhun shinkafa da tsohuwar taya da jarkar da aka yanke da fasasshen tulu duk suna wadatarwa, muddin an huda ƙasansu ruwa ya riƙa fita. A haɗa ƙasar jigawa da ruɓaɓɓen takin awaki ko na kaji. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa. Inda fili ya yi ƙaranci sai a nufi sama, a ɗaura igiya soso da kabewa da garafuni su hau katanga. Ruwan alwala da na wankin shinkafa da kayan miya ya isa ban-ruwa, amma ban da mai omo ko bilic, haka nan ruwan kwata da wanda ya fito daga masana'antu, musamman na jima, bai dace da abin da za a ci ba.

Zaɓen abin shukawa shi ne ya fi buƙatar tunani. Gajeriyar ciyawar ado da ake shimfiɗawa a gidajen masu hali tana shan ruwa mai yawa, kuma ba a barin ta ta yi fure, don haka ga ƙwaro ba ta da maraba da daɓen siminti. Haka nan wasu furannin ado masu ganye ninki-ninki, an sarrafa su ne domin ido, babu gari ko ruwan zaƙi da ƙwaro zai iya kaiwa gare shi. Tsirran gida sun fi su nesa ba kusa ba: riɗi, da karkashi, da yakuwa, da rama, da kuɓewa, da lalo, da ɗoɗɗoya, da na'a-na'a, da lalle. Kowannensu yana da amfani a tukunya ko a jiki, kuma ƙwarin yankin sun san su. Sharaɗin kawai shi ne a bar wasu su kai ga fure. Uwargida takan tsinke ɗoɗɗoya da albasa tun ba su yi huda ba, to, idan aka bar gindi biyu ko uku, za a ciyar da ƙwari kuma a sami iri na baɗi.

Da damina abinci ba ya yi wa ƙwari wuya, tunda ko tafasar bakin hanya tana fure. Lokacin yunwarsu shi ne rani, daga ɗaukewar ruwa zuwa bazara. A karkara itatuwa ne ke cike wannan giɓi bi da bi: magarya a ƙarshen damina, gawo da farkon rani lokacin da ya yi ganye sauran itatuwa na kaɗewa, mangwaro da rimi cikin hunturu, ɗorawa wajen Fabrairu da Maris, sannan kuka gab da faɗuwar ruwa. Gidan birni ba zai ɗauki gawo ko rimi ba, amma zai ɗauki zogale, wanda idan yana samun ruwa yakan yi fure kusan duk shekara, da lemun tsami, da gwaiba, da rumman. Wanda ke da wurin bishiya ɗaya tak, zogale ya fi dacewa da shi.

Bayan abinci sai ruwa da makwanci. A zuba ruwa a kasko marar zurfi, a jera tsakuwa a ciki domin ƙwaro ya sami wurin tsayawa kada ya nutse. Wajibi ne a zubar da ruwan a wanke kaskon duk bayan kwana 2 ko 3, domin sauro yana iya kammala girma daga ƙwai cikin kamar mako guda, kuma babu hikima a gayyato zazzaɓin cizon sauro da sunan taimakon ƙudan zuma. Makwanci kuwa, a ɗaure guntayen gora ko karan dawa a rataye inda ruwan sama ba ya duka, ko a huda busasshen kututture da ramuka masu faɗin milimita 3 zuwa 10. A kuma bar wani lungu na ƙasa ba daɓe ba shara.

Maganin feshi shi ne ke rusa duk wannan aiki cikin yini ɗaya. Fiya-fiya da makamantansa ba sa tambayar ƙwaro sana'arsa. A ƙaramin lambu hannu ya isa a tsince tsutsa, darɓa kuma a wanke ta da ruwa, ko a jiƙa dakakkun 'ya'yan darbejiya a tace a yayyafa da yamma bayan ƙwari sun koma, ba a kan buɗaɗɗen fure ba. Da zarar an daina feshi, ƙoƙi-ƙoƙi da gizo-gizo da zanzaro da ƙadangare da kwaɗo sukan dawo su rage masu ɓarnar. Sai dai akwai haƙurin da za a yi. Tsutsar da ke cin ganyen lemo ita ce ke rikiɗa ta zama babban malam-buɗe-littafin nan mai baƙi da ɗigon rawaya. A kan ƙaramin dashe ya kamata a ɗauke ta, amma babbar bishiya ba ta jin asarar ganye goma.

Gargaɗi guda: shuka fure daban, kafa amya daban. Ƙudan zuman Afirka ta Yamma yana da zafin kare gidansa, Hausawa ma sun ce zuma da zaƙi da harbi. Wanda ke kan fure abincinsa yake nema, ba ya harbi sai an matse shi, amma amya a tsakiyar unguwa ko a harabar makarantar firamare haɗari ce. Idan taron ƙudan ya sauka a bishiyar makaranta, a janye yara a kira mai sana'ar zuma ya kwashe, kada a sa wuta.

6.0 Malamin Hausa da Lambun Makaranta

Ana iya ɗauka cewa wannan aikin malamin kimiyya ne ko na aikin gona. Amma malamin Hausa yana da kaso mai tsoka a ciki. Ɗalibin da aka tsayar a gaban furen kabewa da safe, aka ce ya rubuta abin da ya gani cikin minti 10, zai kawo insha'in siffantawa da ya fi wanda zai rubuta a kan abin da bai taɓa gani ba. Tattara sunayen tsirrai daga bakin iyaye da kakanni kuwa darasi ne na karin harshe: bishiya ɗaya wani ya ce darbejiya, wani maina, wani bedi, wani dogonyaro, kuma kowane suna yana nuna yankin da mai magana ya fito. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 20 ga Mayu a matsayin Ranar Ƙudan Zuma ta Duniya tun daga ƙarshen 2017, kuma ranar tana zuwa ne daidai da shirin shukar damina, lokacin da makarantu ke cikin zangon karatu na uku.

Abubuwa biyu ne suka fi kashe lambun makaranta: awaki da hutu. Awaki maganinsu shinge ne, ko na ƙaya ko na kara, kuma a kafa shi kafin a shuka, ba bayan an yi ɓarna ba. Dogon hutu yana faɗowa ne cikin damina, don haka ba shi da matsala. Na Disamba da na wajen Afrilu su ne abin tsoro. Dabarar da ta dace ita ce a binne tulun ƙasa marar fenti har wuya a tsakiyar kowane fangali, a cika shi da ruwa, a rufe bakinsa da kasko saboda sauro. Ruwan zai riƙa tsattsafowa ta jikin tulun gwargwadon bushewar ƙasa, saiwoyi su kewaye shi. Idan aka lulluɓe fangalin da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa, maigadi ko ɗalibin da ke kusa zai iya riƙe lambun da cika tulunan sau ɗaya ko biyu a mako har a dawo.